Ɗan Hayar Kawu Loke

Bayan rasuwar mahaifina, Appa, na samu aiki a wani shagon gilashin ido a Ipoh. Na baro gonar kwakwar manjan da aka haife ni a cikinta, can bayan Kampar, da akwati ɗaya, da tukunyar dafa shinkafa, da tumbin da na gada a wurinsa. Mahaifiyata ta rasu tun ina firamare, ba ni da wa ba ni da ƙane, gidan da muka zauna kuma na kamfani ne, don Appa direban babbar motarsu ne. Na haura shekara talatin, amma ban taɓa neman ɗaki da kaina ba.

Rabin tallan ɗakunan haya an rubuta musu "Sinawa kaɗai". Sauran rabin kuwa, da na faɗi sunana Manimaran, sunan Indiyawa, sai mai gida ya tuna cewa ɗan ƙanwarsa ya riga ya kama ɗakin. Na zauna a wani masauki mai arha kusa da tashar mota, ina rubuta dogayen bayanai masu zafi a intanet a kan wariyar launin fata. Masu karantawa ba su wuce tsofaffin abokan makarantata ba, ɗaya daga cikinsu ma kurakuran rubutu kawai yake gyara mini.

Appa makarantar Sinawa ya saka ni, don ita ce kusa da gida, kuma ya yarda cewa can ne ake koyon lissafi. Lissafin bai zauna ba, amma harshensu na Kantonis da na tsinta a filin wasa ya zauna daram. Don haka da na ga tallan wani ɗaki a unguwar Pasir Pinji, na buga waya na yi magana da Kantonis zalla. Wani tsoho ya ɗauka, ya tambayi sunana, na ce Ah Man. Ba ƙarya ba ce, haka 'yan Sinawa suke kirana a makaranta. Ya ce in zo gobe da safe.

Na shirya jawabi. Na san zai gan ni ya ce an kama ɗakin, ni kuma zan tsaya a ƙofar gidansa in gaya masa cewa kakannina sun zo ƙasar nan lokaci ɗaya da nasa, sun sare daji ɗaya, sauro ɗaya ya cije su. Na maimaita jawabin a gaban madubi har da inda zan ɗaga yatsa. Don in samu ƙarfin faɗinsa, na tsaya a wata rumfa na ci gurasar roti da miyar kifi mai yaji, na bi da kofi mai madara.

Tsohon gajere ne, siriri, cikin singileti da gajeren wando, da wani gilashin mata mai ruwan hoda a hancinsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya leƙa bayana ko Ah Man ɗin yana tafe. Da na gaishe shi da muryar da ya ji a waya, sai bakinsa ya ɗan buɗe. Daga nan ya ce an kama ɗakin jiya da yamma.

Na ja numfashi, na ɗaga yatsa. A daidai lokacin miyar kifin ta juya a cikina da wata irin ƙara da shi kansa ya ji.

"Kawu," na ce, "don Allah ko zan iya shiga banɗaki?"

Ya kauce daga bakin ƙofa.

Da na gama abin da ya kai ni, sakatar ƙofar ta ƙi buɗewa. Na ja, na murɗa, sai mariƙinta ya ɓalle a hannuna. Na daɗe ina tunanin ko zan iya fita ta taga, na auna tagar da ido, na auna kaina, sannan na ƙwanƙwasa na kira shi. Ya zagi ƙofar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya tafi ɗauko kayan aikinsa na tsohon mai gyaran kekuna. Yana fama da sukurori masu tsatsa daga waje, ni ina zaune a kan murfin masai daga ciki, shiru ya yi mana yawa sai ya fara tambaya. Ina na koyi Kantonis? Wane aiki nake yi? Iyayena suna ina?

Na ce masa Appa ya faɗi ne da safe yana ba barkononsa ruwa, kafin maƙwabta su ɗaga shi ya cika. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a wurin ƙona gawa ba, har dangi suna yabon dauriyata. Sai ga shi a banɗakin wani mutum da ya ƙi ba ni ɗaki na ɓarke da kuka, irin mai majina, da mariƙin sakata a hannuna. Ƙarar sukurori ta tsaya. Ya bar ni har na gaji don kaina.

"Matsa baya," ya ce. "Zan doke ta."

Ya doke ta, ta ƙi. Ni na jingina da kafaɗa daga ciki, ƙofar ta fita gaba ɗaya da ni a kanta.

Ya ba ni shayi a wani kofin roba ja. Ya ce sunansa Loke Yat Sang, kuma mutumin da ya kama ɗakin wataƙila ba zai zo ba. Ya jero sharuɗɗa: ba dafa miya mai yaji, ba kawo abokai su sha giya, ba kiɗa. Ban iya dafa komai ba sai shinkafa, ba na shan giya, abokai kuwa na riga na faɗi irin waɗanda nake da su. Kowane sharaɗi ya faɗa, ina shirya amsa mai zafi a raina, bakina yana cewa to, Kawu.

Kofin nan ja ya zama nawa. Yana da wurinsa daban a kan kanta, nesa da sauran. A makonnin farko Kawu Loke yakan kulle ɗakinsa ko da bayan gida zai zaga. Na lura da duk wannan, na kuma rubuta a intanet cewa ina zaune a cikin gidan zalunci ina nazarinsa daga ciki. Gaskiyar ita ce tsohon ya iya dafa kaza da tsiron wake, kuma kullum yakan dafa fiye da cikinsa ya ce zubarwa zai yi in ban ci ba. Ban taɓa bari ya zubar ba.

Da yamma mukan zauna a falo muna kallon wasannin kwaikwayo na Hong Kong. Yakan kira mugun cikin wasan da sunan jarumi, jarumin kuma ya zage shi. Daga baya na gane ba ya ganin fuskokinsu ne. Gilashin ruwan hodan na matarsa ne, wadda ta rasu shekarun baya, nasa ya karye ya ɗauki nata ya ci gaba da rayuwa. Na yi ta lallashinsa har ya bi ni shago, aka gwada idonsa, na sa aka yanka sababbin gilasai aka ɗora a kan firam ɗin matar, don ya ce ba zai rabu da shi ba. Na dawo da shi gida ina jin kaina kamar wani mai ceton al'umma. Ya saka, ya kalli rufin falo ya ga yanar gizo, ya kalle ni ya ce ashe ƙibar tawa ta kai haka.

Ɗakin da nake ciki na ɗansa ne, Kok Hoong. Akwai kofunan gasar badminton a saman kabad, an ce kada in taɓa. Wata maƙwabciya ta gaya mini yaron ya mutu a kan babur a hanyar Penang, yana da shekara ashirin da 'yan kai. Nan take na gina bayani a kaina: lalle direban babbar mota ne ya buge shi, kuma lalle Ba'indiye ne irin Appa, shi ya sa tsohon ya tsane mu. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, har na yafe masa a raina, na riƙa kallonsa da idon tausayi irin na manya. Wata rana muna gyaran wake na tambaye shi a hankali game da direban. Ya ce wane direba? Ruwa ake yi, yaron ya zame ya bugi ƙarfen gefen titi, ba kowa a hanyar. Ashe babu wani dalili. Ƙyamar da yake yi mana gado ce kawai, kamar tumbina.

'Yarsa Pui Leng tana Perth, can ƙasar waje, da mijinta, takan kira ranar Lahadi. Da lokacin Cheng Beng ya zo, lokacin da Sinawa ke zuwa share kaburburan danginsu, ta ce ba za ta samu zuwa ba. Kawu Loke bai roƙe ni ba. Ya dai yi kwana da kwanaki yana faɗa wa talabijin cewa maƙabartar tana da nisa, motar haya ba ta hawa tudun, gwiwarsa kuma ta lalace. Na ce zan kai shi a tsohuwar ƙaramar motar da Appa ya bar mini.

Mun isa da sassafe da gasasshiyar kaza, da lemu, da turare, da takardun da ake ƙonawa don mamata. Kabarin matarsa da na ɗansa suna kusa da juna, ciyawa ta rufe su. Na karɓi lauje na duƙa. Ban taɓa yanka ciyawa ba duk da a gona na tashi, kafin rana ta ɗaga rigata ta jiƙe sharkaf. Ina cikin haka dangi suka iso, da matar wansa a gaba, Madam Chin, mai lema da takalmi mai tsini. Ta gaishe shi, ta nuna ni da lema, ta tambaye shi da Kantonis ina ya samo wannan, ta kira ni da kalmar nan da ake kiran Indiyawa da ita in ana so a ci mutuncinsu. Ta ce in ya gama da ni ya turo ni kabarin mijinta.

Na ɗago ina jira. Kawu Loke ya gyara gilashinsa.

"Ɗan hayata ne," ya ce. "Yana jin abin da kike faɗa. Kuma shi ba irin sauran ba ne, yana da tsabta."

Madam Chin ta yi dariyar kunya, ta ce ai wasa take yi, ta yaba Kantonis ɗina tun kafin in ce uffan. Ni kuwa, jarumin intanet, na yi murmushi. Ban tsaya nan ba, na je na yanke ciyawar kabarin mijin nata, don ban san yadda zan ƙi ba. Ta ba ni lemu.

A mota muna dawowa tsohon yana cikin nishaɗi, yana ganin ya kare ni a gaban dangi. Jawabina na gaban madubi ya dawo mini gaba ɗaya, da kakanni da daji da sauro. Na buɗe baki, abin da ya fito kaɗan ne.

"Kawu, Appa ma yana da tsabta. Gwaggona ma. Duk sauran da kake faɗa, mutanena ne."

Na wuce kwanar gida, sai da muka zagaya ta kasuwa. 

Na yi fushi na mako guda. Na daina cin abincinsa, na koma cin na waje, wanda ya fi nasa maiƙo, don haka yajin cin abincin nawa ƙiba ya ƙara mini. Na duba tallan ɗakuna, na ga har yanzu ɗiyan ƙannen masu gida suna kama su. Bai ba ni haƙuri ba, kuma na tabbata har ya mutu bai ga laifin maganar sosai ba. Amma wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce yana so ya ga hoton mahaifina. Na nuna masa wanda ke kan tebur, Appa a jikin motarsa ya riƙe ƙugu. Ya daɗe yana kallo, ya ce mutumin yana da fuskar wanda ba ya cuta. Da na dawo daga aiki na tarar da lemu a faranti a gaban hoton, kamar yadda suke yi wa mamatansu. Kofin ja kuma ya koma wurin zuba sukurori, na riƙa shan shayi a kowane kofi hannuna ya kai. Ba wanda ya yi maganar a cikinmu.

Da Appa ya cika shekara da rasuwa, ƙanwarsa Attai Vasantha ta shirya addu'a a gidanta a Buntong. Kawu Loke ya ce zai je. Ya saka farar riga mai dogon hannu da ta yi masa yawa. Attai ta ja ni kicin ta tambaye ni me ya sa na kawo Basine, ta ce mutanen nan ba su san kowa ba sai kansu, in yi hankali kada ya mai da ni bawa. Na yi niyyar yi mata jawabi ita ma, sai ta miƙo mini faranti ta ce in kai waje, na kai.

Ya zauna a ƙasa da mu duk da gwiwarsa, aka shimfiɗa masa ganyen ayaba, aka zuba shinkafa da miya iri-iri. An kawo masa cokali ya ƙi, ya ce da hannu zai ci kamar kowa. Rabin shinkafar a cinyarsa ta ƙare. Yaji ya sa hawaye suna bin kuncinsa, Attai ta ɗauka kukan Appa yake yi, sai zuciyarta ta karaya, ta ƙara masa miya. Ya cinye. Da za mu tafi ta ƙulla masa ragowar abinci, ta ce mini a kunne wannan dai mutumin kirki ne, ba kamar sauransu ba. Ban fassara masa ba.

Mun yi shekara uku a gidan nan. Na koyi soya shinkafa, ya koyi zagi da harshenmu na Tamil, yakan gwada a kan 'yan wasan talabijin. Wani lokaci in ya kira ni daga kicin sai sunan Kok Hoong ya kuɓuce masa, ni kuma in amsa kamar ban ji bambancin ba. Wani lokaci kuma ya faɗi wata magana game da Indiyawa ko Malayawa da za ta sa in tashi daga falo. A shekara ta uku na kai matsayin da nakan ce masa, Kawu, wannan magana ba ta da kyau. Yakan ce to, to, ya ƙara ƙarar talabijin. Wannan ne iyakar abin da gwagwarmayata ta cim ma, kuma ban raina shi ba.

Wata Asabar da hantsi na same shi zaune a ƙasan kicin, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki. Na ɗauke shi, ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni me nake a wurinsa. Na tsaya ina neman kalma, na ce ɗan haya. Ta ce dangi kaɗai ke shiga. Na zauna a benci har Pui Leng ta sauka daga jirgi washegari, ta kama hannuna ta shiga da ni ba tare da ta tambayi kowa ba. Ya buɗe ido ya gan mu, ya yi ƙoƙarin magana. Na sunkuya ina jiran kalmar da zan riƙe har ƙarshen rayuwata. Abin da ya ce shi ne in duba ko na kashe gas. Ya rasu bayan kwana biyu.

A wurin makoki kowane ɗan'uwa an maƙala masa ɗan ƙyalle a hannun riga, launinsa yana nuna kusancinsa da mamaci. Babu launin ɗan haya. Na yi ta tsayuwa a gefe da farar riga, ban san inda zan sa kaina ba, har Madam Chin ta hango ni ta ce madalla, ga wanda zai tsara wa baƙi wurin ajiye mota. Na karɓi aikin da gaske, don ya fi tsayuwa haka kawai. Na yi ta ɗaga hannu ina juya motoci a rana, har wani ya tambaye ni ko akwai tikiti.

Ranar fitar da gawa aka saka akwatin a mota, masu kiɗa suka fara, dangi suka jeru a baya. Motar ta matsa kaɗan ta tsaya. Wata tsohuwar mota ta toshe bakin hanya. Na fara juyawa ina neman wane mara hankali ne ya ajiye ta a nan, kafin in gane tawa ce. Na ruga da gudu, makulli ya faɗi, na ɗauka, injin ya ƙi tashi sai a karo na uku, jama'a duka suna kallo, masu kiɗa suna maimaita waƙa ɗaya. Na kai ta can ƙarshen layi na dawo ina haki.

Dangi sun ɗora hannuwansu a jikin motar gawar, za su raka ta zuwa bakin titi kamar yadda ake yi. Na tsaya a baya. Pui Leng ta waiwayo, idonta ya kumbura, amma dariya take dannewa.

"Ah Man, zo nan," ta ce. "Da yana nan da ya zage ka. Zo ka kama."

Ta matsa ta ba ni wuri kusa da ita. Ƙarfen motar ya yi zafi da rana. Na ɗora hannuna, muka taka a hankali har bakin titi, Madam Chin tana bayana da lemarta.

An sayar da gidan kafin ƙarshen shekarar. Yanzu ina zaune a wani ƙaramin gidan bene kusa da shago, tare da wani abokin aikina. Pui Leng takan kira wani lokaci ranar Lahadi, ta ce ta saba da bugawa Ipoh a ranar, ba ta san wa za ta kira ba. Takan tambaye ni abin da babanta yake yi da rana, me yake ci, ko yana maganarta. Ina gaya mata abin da na sani, wani abin kuma nakan ɗan gyara shi kafin in faɗa.